Muhammadu al-Kashnawi: Bakatsinen da ya yi lissafin taurari a Makka da Alƙahira

Idan aka tashi zancen binciken sararin samaniya a Najeriya, yawanci daga 1999 ake fara ƙirga, shekarar da aka kafa hukumar NASRDA, ko kuma daga Satumban 2003, lokacin da aka harba tauraron ɗan'adam na farko na ƙasar nan, NigeriaSat-1, daga tashar Plesetsk ta Rasha. Wannan ƙirga ta yi daidai matuƙar na'ura ake nufi. Amma in ana maganar mutumin da ya zauna da alƙalami da tawada yana bin tafiyar rana da wata da taurari da lissafi, to sai a koma baya kusan shekara 300, a tarar da wani malami Bafulatani ɗan ƙasar Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda littattafan Larabci suka sani da al-Kashnawi, wato Bakatsine. Ya rasu a Alƙahira a shekara ta 1154 bayan Hijira, daidai da 1741.

Mafi yawan abin da aka sani game da rayuwarsa ya zo ne ta hannun Abdurrahman al-Jabarti, mashahurin marubucin tarihin Masar, a cikin littafinsa Aja'ibul Asar. Jabarti bai riski malamin ba, domin an haife shi ne fiye da shekara goma bayan rasuwarsa. Sai dai labarin ɗan gida ne, don kuwa a gidan mahaifinsa baƙon ya cika, kuma a hannun mahaifin nasa ya bar littattafansa.

Daga Ɗanranko zuwa zauren malamai

A jerin sunayen da Jabarti ya kawo akwai al-Danrankawi, wanda ke danganta shi da Ɗanranko, wani garin fatake a kudancin ƙasar Katsina, kan hanyar fataucin goro zuwa Gwanja. Katsinar da ya tashi a cikinta ta riga ta yi suna a ilmi. Shaihu Magili ya ratsa ta a ƙarshen ƙarni na 15, kuma a ƙarni na 17 ta fitar da Wali Ɗanmarina da Wali Ɗanmasani. Marubutan baya-bayan nan sukan ce a Gobarau ya yi karatu, amma Jabarti sunayen malamai ya jera, bai ambaci makaranta ba, kuma haka karatun zamanin yake: almajiri mutum yake bi, ya ɗauki littafi a wurin wannan, ya ƙarasa wani a wurin wancan, ko da tafiyar wata guda ce tsakaninsu.

Daga cikin malaman akwai Shaihu Muhammadu al-Wali ɗan Sulaimanu, malamin Bagarmi da ya shahara a ilmin tauhidi, da Shaihu Muhammadu Bindu, da Shaihu Muhammadu Fudu. A wurin na ƙarshen nan ya fara buɗe ido. Ya lazimce shi kimanin shekara huɗu, a gida da kan hanya, yana karanta nahawu da sarfu da littattafan adabi. Tun farko malamin yakan kira shi mai Maƙamat, saboda ya haddace littafin har ta kai in an ambaci kalma ɗaya daga ciki sai ya kawo wadda ta gabace ta ba tare da ya tsaya tunani ba. Da ya ƙware a nahawu sai laƙabin ya koma Sibawaihi, sunan babban limamin fannin. Wanda ya san yadda malaman zaure suke rowar yabo zai gane nauyin wannan suna.

Shaihu Bindu ne ya juya shi ga lambobi da sama. A wurinsa ya karanta Buhari da kashi uku cikin huɗu na Muhtasar Halil da aƙidun Sanusi da manɗiƙi, sannan ya ɗauki hisabi, da ilmin haruffa da wafaƙi, da ilmin miƙati bisa tsarin malaman Magrib.

Abin da ake nufi da ilmin miƙati

Wannan fanni na ƙarshe shi ne ainihin nazarin samaniya na zamaninsa, kuma buƙata ce ta haife shi. Musulmi yana son ya san lokacin salla, da alƙibla, da tsayuwar wata; manomi yana son ya san ranar shuka; madugu yana son ya san inda ya dosa in dare ya yi masa a daji. Babu agogo a aljihun kowa. Saboda haka mai ilmin miƙati yakan auna inuwa da tafin ƙafa, a kan ƙa'idar cewa tsawon mutum ƙafarsa bakwai ne. Yakan lura da lokacin da inuwa ta gama raguwa ta fara ƙaruwa, ya san rana ta yi zawali, azahar ta shiga. In inuwar ta ƙaru da gwargwadon tsawon mai ita a kan abin da ta rage da tsakar rana, la'asar ta yi. Da dare kuma sai a koma ga masaukan wata guda 28, waɗanda aka raba shekara a kansu, kowanne kwana 13, ɗaya kuma, Jabha, kwana 14, jimla 365. Su ne taurarin da tsofaffin manoma har yau suke ƙirga damina da su, irin su Han'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa.

A nan akwai wata wahala da ba kowa ke lura da ita ba. Littattafan fannin a Magrib da Masar aka rubuta su, a biranen da rana ba ta taɓa tsayawa daidai tsakar ka, inda inuwar zawali kullum arewa take faɗuwa. Katsina kuwa tana kan daraja 13 ne arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka sau biyu a shekara, wajen ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana takan bi ta saman kai inuwa ta kusa ɓacewa, kuma tsakanin waɗannan lokuta biyu inuwar kudu take komawa. Wanda ya haddace jadawalin Fas ya zo ya ɗora shi a Katsina yadda yake, zai sa mutane salla ba a kan lokaci ba. Dole malamin ƙasar Hausa ya fahimci dalilin lissafin, ya gyara shi da idonsa. Haka nan taurarin shuka. Kaza da 'ya'yanta, wadda Larabawa ke kira Surayya, takan ɓace a yamma da almuru wajen ƙarshen Afrilu, ta sake bayyana a gabas da asuba cikin Yuni. Manomin Kauru ko Kafanchan ruwa ya riga ya sauka masa tun kafin ta ɓuya, na Katsina da Maraɗi kuwa sai wajen dawowarta yake sa ran shuka. Tauraro ɗaya ne, amma karatunsa ya bambanta da ƙasa.

Da ya nemi izinin malaminsa ya kama hanyar Hajji, tafiyar ta zama wata makarantar. Ya ratsa masarautu da dama, yana ganawa da sarakuna da malamai. A wani zango ya yi wata biyar wurin Shaihu Muhammadu Kar'ak, yana karanta ilmin ramli, wato bugun ƙasa, da wasu littattafan hisabi. Jabarti ya ce ya rubuta labarin tafiyar tasa a littafi guda. Ya yi aikin Hajji a 1142, wadda watan Hajjinta ya faɗo a tsakiyar 1730, ya kuma zauna a Makka na wani lokaci.

Littafin da ke raba kan masu karatu

A Makka ya fara rubuta littafin da ya fi shahara da shi, Ad-Durrul Manzum wa Hulasatus Sirril Maktum, a kan ɗalasimai da taurari. Ya gina shi ne a kan wani tsohon littafi da ake dangantawa ga Fahruddin ar-Razi, wanda ya rasu a 1210. Ya tsara shi da gabatarwa da manyan sassa biyar da rufewa, ya kuma kammala shi a Masar a watan Rajab na 1146, ƙarshen 1733. A gabatarwar ya nuna cewa da farko ɓoye wannan sani ya yi a Makka, saboda ba a kallon masu shi da idon rahama a can, sai da aka matsa masa kafin ya ɗauki alƙalami.

Nan ne ya kamata a yi gaskiya, domin harshen Hausa kansa yana iya rufe batun. Kalmar ilmin taurari tana ɗauke da abu biyu da suka sha bamban. Akwai sanin tafiyar taurari, wanda ake aunawa a gwada a ga ko ya yi daidai. Akwai kuma da'awar cewa matsayin tauraro yana da tasiri a kan rabon mutum, da aurensa, da nasarar yaƙinsa. Malaman Musulunci sun daɗe da raba su: suka halatta na farko, har suka ga wajibcin a sami masu shi saboda salla da azumi, suka yi suka mai tsanani ga na biyu. Ibn Haldun ya keɓe babi a Muƙaddima yana rushe shi. Ad-Durrul Manzum kuwa, in za a faɗi abin da yake, mafi yawansa a ɓangare na biyu ya faɗa: sa'o'in da suka dace da kowane aiki, da ɗabi'un taurari bakwai masu tafiya, da buruji 12, da yadda ake haɗa ɗalasimi a lokacin da aka zaɓa.

Saboda haka masu yaɗa sunansa a Facebook a matsayin wanda ya gano wani sabon abu a samaniya suna ɗora masa rigar da ba tasa ba. Ba a san shi da madubin hangen nesa ba, ba a kuma danganta masa gano wani tauraro ba. (Hoton wani dattijo mai rawani da ake liƙa wa sunansa ma ba nasa ba ne, sai da ya yi kusan shekara ɗari a kabari kafin a fara ɗaukar hoton mutane.) Su ma masu jin sunan ɗalasimi su kawar da kai, su ce ai boka ne kawai, ba su yi masa adalci ba. Wanda zai zaɓi sa'a ta hanyar taurari tilas ya san inda Zuhal da Mushtari suke a daren da ake magana, kuma wannan ba ya samuwa sai da jadawali da lissafi na gaskiya. A ƙasashen Turai ma haka abin ya faro. Johannes Kepler, wanda dokokinsa uku na zagayen duniyoyi ake koyarwa a jami'o'i har gobe, ya sha rubuta wa manyan mutane abin da taurarinsu suka nuna don ya sami na tuwo. Isaac Newton, wanda ya rasu a 1727, ya ɓatar da shekaru yana bin asirin juya ƙarafa. A zamanin al-Kashnawi tsaba da ƙaiƙayi ba su gama rabuwa ba a ko'ina.

Inda hannunsa ya fi fitowa sarai shi ne ɗaya littafin, Bahjatul Afaƙ, wanda ya rubuta wajen 1732 a kan haruffa da wafaƙi. Wafaƙi shi ne abin da Bahaushe ya fi sani da hatimi: murabba'i mai gidaje, a zuba lambobi a ciki ta yadda duk layin da aka tara, a kwance ko a tsaye ko a karkace daga kusurwa zuwa kusurwa, jimla ɗaya zai bayar. Mai gida uku-uku, da lambobi daga 1 zuwa 9, yana ba da 15 ta ko'ina. Mai biyar-biyar yana ba da 65, mai bakwai-bakwai 175, mai tara-tara 369. A al'adar masu fannin kowane hatimi da tauraronsa: mai uku na Zuhal ne, mai huɗu na Mushtari, mai biyar na Mirrihu, mai shida na rana, mai bakwai na Zahra, mai takwas na Uɗarid, mai tara na wata. Ta nan lambobin suka haɗu da samaniya.

Cika hatimi mai uku ba wuya, yaro ma zai iya da gwaji. Mai gida 81 kuwa gwaji ba ya kai mutum ko'ina, sai da ƙa'ida. Abin da al-Kashnawi ya yi shi ne ya shimfiɗa hanyoyin gina hatimin da yawan gidajen gefensa mara ne, wato 3 da 5 da 7 zuwa sama, mataki bayan mataki: inda za a ajiye lamba ta farko, yadda za a tsallaka zuwa gida na gaba, har da irin tsallen da doki ke yi a darar shaɗranji, da abin da za a yi in an faɗo waje da murabba'in ko an tarar da gida a cike. Ko an cire duk wata fa'ida ta asiri da aka jingina wa hatimin, ƙa'idar tana nan daram, kowa zai iya gwada ta da fensir ya ga ta fita. Irin wannan jerin umarni da ba ya barin wurin shakka shi ne abin da masu kwamfuta ke rubutawa a yau. Kuma tambayar ba ƙarama ba ce a idon masana: Leonhard Euler, babban masanin lissafin Turai na ƙarnin, ya yi rubutu a kan irin waɗannan murabba'ai shekaru da dama bayan rasuwar Bakatsinen.

Bai tsaya nan ba. Yana da waƙe a kan manɗiƙi mai suna Minahul Ƙuddus, wanda ya yi wa sharhi mai kauri da kansa, da littafin nahawu, Bulugul Arab.

Gidan Jabarti

A Alƙahira ya fara zama a unguwar Darbul Atrak, kusa da Azhar, kafin ya koma gidan Shaihu Hasan al-Jabarti. Sanin ko wane ne mai masaukin yana taimakawa wajen auna baƙon. Hasan al-Jabarti malamin fiƙihun Hanafiyya ne, kuma a Masar ta lokacin da wuya a sami wanda ya kai shi a ilmin falaki da kayan awo. Yana zana agogon rana a kan dutse, yana da na'urorin auna tsayin taurari, har ma'aunan kasuwa ya yi aikin gyarawa. Ɗansa ya ba da labarin wani gwamnan Daular Usmaniyya, Ahmad Basha, da ya zo Masar wajen 1750 ya tambayi manyan malaman Azhar game da ilmin lissafi da falaki suka kasa gamsar da shi, daga ƙarshe aka tura shi wurin Shaihu Hasan. To wannan mutumin ne ya zauna gaban malamin Katsina ya ɗauki ilmin wafaƙi da sarrafa haruffa da lambobi. An saba jin ɗan ƙasar Hausa ya je Masar neman ilmi. Ga wanda ya je da nasa, aka karanta a wurinsa.

Da ajali ya matso, ya naɗa Shaihu Hasan wasiyyinsa a kan dukiyarsa da littattafansa. Shi ya yi masa sutura, ya binne shi a maƙabartar Mujawirin, a sashen da ake kira Bustanul Ulama, ya gina alama a kan kabarin ya rubuta sunansa da shekarar rasuwarsa.

Samaniyar da ya bari da wadda ake gani yau

Samaniyar al-Kashnawi ita ce ta Baɗlamus da malaman Bagadaza: ƙasa a tsakiya, taurari bakwai suna kewaya ta. Alhali tun 1610 Galileo ya ɗaga madubin hangen nesa ya ga watanni huɗu suna zagaya Mushtari, kuma a 1729, shekara guda kafin Hajjin malamin, James Bradley na Ingila ya bayyana wani awo na hasken taurari da ya tabbatar cewa ƙasa ce ke tafiya. Wannan labari bai zama abin karantarwa a zaurukan Katsina ko na Azhar ba a lokacin. Gibin da ya buɗe tsakanin ɓangarorin biyu na kayan aiki ne da na hukuma: gilashin da aka goge, da agogo mai kyau, da gidan duban taurari da sarki ke biya wa kuɗi shekara da shekaru, kamar na Faris da na Greenwich. Irinsa da aka gina a Istanbul rushe shi aka yi a 1580.

Shekara 40 bayan rasuwarsa, a 1781, William Herschel ya hango Uranus, lissafin bakwai ya karye, aka sami duniyar da ba ta da hatimi. A 1846 kuma aka gano Neptune ta hanyar da malamin miƙati zai fi kowa fahimta: Urbain Le Verrier ya lura tafiyar Uranus ba ta bin jadawali, ya zauna ya yi lissafin inda abin da ke jan ta yake, ya aika wa masu madubi a Berlin, suka duba suka same shi kusan daidai wurin da ya nuna. Har yau haka aikin yake tafiya, lissafi a gaba, na'ura a baya. Kumbon da za a aika wata duniya sai an san inda za ta kasance bayan watanni ko shekaru kafin a harba shi. Da haka kumbon Venera 7 na Tarayyar Sobiyat ya sauka a kan Zahra a 1970, Zarar nan da Hausawa ke kira matar wata, aka tarar zafinta ya haura digiri 450. Da haka Cassini ya yi shekara 13 yana kewaya Zuhal, daga 2004 zuwa 2017. Babu ɗaya daga cikinsu da ya dawo da wata shaida a kan tasirin tauraro ga rabon ɗan'adam. Ɓangaren aikin al-Kashnawi da ya dogara ga wannan zato ya faɗi, ɓangaren awo da ƙa'ida kuwa shi ne har yanzu ake fitar da jadawalin salla da shi, ake kuma sanar da ranar husufi tun shekaru kafin ya auku.

Sunansa ya dawo kunnen masu bincike a ƙarni na 20. A. D. H. Bivar da Mervyn Hiskett sun kawo shi a nazarinsu na 1962 a kan rubuce-rubucen Larabci na Najeriya kafin jihadi. Hassan Ibrahim Gwarzo ya yi rubutu a kansa a 1967 a mujallar cibiyar adana takardun Larabci ta Jami'ar Ibadan, sannan Claudia Zaslavsky ta gabatar da hatimansa ga masu karatun Ingilishi a littafinta na 1973 a kan lissafi a Afirka. An buga Ad-Durrul Manzum a Alƙahira a 1961, ana kuma samun sa a wurin masu sayar da littattafan Larabci. Bahjatul Afaƙ, wanda ya fi amfani ga ɗalibin lissafi, shi ne ya fi wuyar samu. Ɗaya daga cikin kwafe-kwafensa na rubutun hannu yana ajiye a ɗakin karatu na makarantar nazarin Gabas da Afirka ta Jami'ar Landan.